Ina ake samun kafiretar Peugeot 504?

Tambaya: Salamu alaikum. 504 ce mai injin 2.0, kafiretarta ta gaji, silo (jujjuyawar inji idan mota na tsaye) ba ya tsayawa. Ina ake samun ta asali?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, nufi Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tafi da tsohuwar a hannu. Wasu 505 injin XN1 ɗaya suke da 504, amma sai ka gwada lambar kamfanin Solex da ke jikin kafiretar da ramukan kusoshi.

Amsa: Kafin ka biya, girgiza sandar da wayar totur ke ja. In tana rawa, ramin ya cinye, iska za ta riƙa shiga ta nan, silo ba zai taɓa daidaita ba. Kada ka karɓe ta ko da araha.

Amsa: Yallaɓai, kafin ka canja kafireta, fara duba kwantak (makatsin wuta na cikin distributa) tukuna. Tazararsa milimita 0.40 ce.