Lesefase ta mota: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

1/
Jama'ar Damagaram da na ƙetaren iyaka, kalma nake nema. Takardar nan da ake ba mai mota idan zai tsallaka wata ƙasa da motarsa na ƴan kwanaki ya dawo, wadda a tasha muke kira lesefase, daga Faransanci laissez-passer, me za mu ce mata da Hausa? Ba ƙyamar aro ce ta sa ni tambaya ba. Farmi, wato lasisin tuƙi, aro ne, asiransi aro ne, ita kanta mota aro ce, kuma duk sun zauna daram a bakinmu. Matsalar lesefase ita ce kayan da aka ɗora mata sun yi yawa.

2/
Wanda fasfonsa ya ɓace a ƙasar waje, ofishin jakadanci ya ba shi takardar komawa gida, lesefase ce. Ma'aikacin asibiti da aka ba izinin fita lokacin dokar hana yawo, lesefase ce a aljihunsa. Har takardar da ke raka gawa daga wata ƙasa zuwa wata sunanta ke nan. To mutum ya iso shingen iyaka na Ɗan Barto ya ce "ina da lesefase", wacce daga ciki? Ga kuma ɗan'uwanmu na Daura ko Kazaure da bai taɓa zama ajin Faransanci ba, shi kalmar ba ta gaya masa komai.

3/
Kafin a fara jefo sunaye, mu san abin da za a raɗa wa. A bakin iyaka mutum daban, mota daban. Mutum na ƴan sanda ne da jami'an shige da fice: katin ɗan ƙasa ko fasfo, da katin rigakafin shawara. Mota kuwa ta ƴan duwan ce, waɗanda a Najeriya ake kira kwastan. A idonsu motarka kaya ce da ba a biya wa haraji a ƙasarsu ba. Da za su bar kowa ya shiga haka nan, da sai mutum ya tuƙo mota daga Magarya ya ce suna zai je, ya sayar da ita a Kano, ya dawo a motar haya. Takardar ita ce alkawarin da ka yi cewa motar za ta fito kafin rana kaza, kuma ba za ka sayar da ita a can ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a yi masa ita ya san yadda abin yake. Jami'i zai karɓi kartgiris, wato takardar mallakar mota, ya fito da ita a hannu, ya sunkuya ta gilashin gaba ko gefen ƙofar direba yana bin lambar shasi da yatsa, harufa da alƙaluma 17, ɗaya bayan ɗaya. Idan 8 ta rikiɗe ta zama B a takarda, ranar nan ka sha zama a benci. Sai ya rubuta lambar mota, sunan mai ita, ranar shiga da ranar da wa'adi zai cika, ya buga hatimi. Ranar dawowa kuma ka miƙa ta a rufe. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi mantawa, don hankali ya riga ya yi gida.

4/
Wa'adin yana da asali. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), da aka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayun 1979 ta ba motar gida kwana 90 a wata ƙasar ƙungiyar, motar haya mai ɗaukar fasinja kuma kwana 15, bisa sharaɗin direba ya nuna farminsa, da takardar mallakar mota, da asiransin da ƙasashen suka yarda da shi, da takardar duwan. Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso, amma a ranar CEDEAO ta ce a ci gaba da barin ƴan ƙasashen uku su shiga su fita ba biza har sai an ji sabon bayani. Sai dai kada wani ya riƙe 90 a ka ya tafi. Abin da jami'in ya rubuta a takardarka shi ne wa'adinka, karanta shi tun kana gabansa.

5/
Amsa ta fara shigowa. Wata malamar makaranta daga Matamaye ta ce "takardar izinin yawon buɗe ido", tunda a wasu ƙasashe irin Mali akan ƙara wa sunan touristique.

Malama, fassararki ta bi abin da ke rubuce sak, ba ni da ta cewa a nan. Amma ki tsaya a Takeita wata safiya, inda hanyar Kance ta rabu, ki tambayi masu motocin gida da suka nufi kudu ina za su. Wannan ta'aziyyar kawunsa za shi Daura. Wancan tsohuwarsa zai kai asibiti Kano. Na bayansu amarya suka rako, ga kaya har saman mota. Wane ido za su buɗe? Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1898 da 1906 ta tsakiyar dangi ta bi. Idan rediyo ya ce masu yawon buɗe ido su nemi takarda kaza, mai zuwa ta'aziyya zai ce wannan zancen Turawa ne masu zuwa ɗaukar hoton fadar Sarki a Birni, ba nasa ba. Sai ya isa shinge sannan ya ji da shi ake. Shi duwan abin da yake nufi da turist kawai mutumin da ba mazaunin ƙasar ba ne, kuma bai shigo da motar don ciniki ba. Sunan da zai sa mai abin ya ɗauka ba da shi ake ba, ban ga amfaninsa ba.

6/
Wani dattijon direba daga Zango, ta hannun ɗansa, ya ce su dai "takardar fito" suka fi ganewa.

Baba, Allah ya ƙara girma, kun fi mu sanin hanyar nan, kuma kalmar da kuka kawo tsohuwa ce mai asali: tun masu jirgin kwale-kwale ke karɓar kuɗin fito a bakin gulbi, har ta zama sunan harajin shigo da kaya. Amma nan ne gizo ke saƙa. Kuɗin fito ana biyansa ne don kaya su zauna a ƙasar. Wannan takarda kuwa shaida ce cewa ba a biya ba, kuma ba za a biya ba, don motar komawa za ta yi. Akasin juna ne. Bayan haka, Baba, kun san abin da "ƴan fito" ke nufi yau a bakin iyaka, masu bi ta bayan gona da dare. Mutum ya tsaya gaban kwastan a Kwangwalam ya ce "fito na yi wa motata", ai ya jawo wa kansa bincike har ƙarƙashin kujera.

7/
"Takardar wucewa": a'a. Wucewa ta tirela ce da ta ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome, ta ratsa Burkina Faso ba ta sauke ba. Tamu motar shiga take yi ta kwana.

"Izinin shiga": wannan biza ce a kunnen kowa, kuma rabin magana ce. Shiga ba ta cika ba da wahala ba, fitar ce ake tsare mutum a kanta.

"Izinin shigo da mota na wucin gadi": daidai ne ɗari bisa ɗari, kuma kafin ka gama faɗa na bayanka ya fara danna oda.

8/
Wani ƙanena ya jefo "takardar je-ka-ka-dawo", ya sa ni dariya, kuma na so ta. Tana da daɗin faɗa, ga dawowar a ciki. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne wa ke magana a cikinta. "Je ka ka dawo" mutanen gida ne ke faɗa maka. Wannan takarda kuwa waɗanda ka je wurinsu ne ke bayarwa: mai lambar Nijar a hannun kwastan na Najeriya zai karɓa, mai lambar Kano da zai zo mana biki a hannun duwan ɗinmu na Tinkim ko Ɗan Barto. Sannan makarantun je-ka-ka-dawo sun riga mu kama sunan.

9/
To ga tawa: takardar baƙuncin mota.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Duk abin da dokar ke nufi yana cikin kalmar baƙo, ba sai an yi wa kowa darasi ba. Baƙo yana da mai masauki, ba a gidansu yake ba. Baƙo yana da ranar tafiya. Baƙo idan zai tafi yana sallama, kuma wanda ya sulale bai yi ba, mai gida zai ci gaba da ƙirga shi cikin mutanen gidan. Haka motar da ta fito ta wata ɓarauniyar hanya, ko aka manta ba a miƙa takardarta ba: a littafinsu tana ciki har yanzu, kuma ranar da ka sake komawa za a tambaye ka. Idan kuma baƙo ya ce zama ya zo yi, to magana ta sauya, sai a yi zancen kuɗin fito na gaske da sabuwar lamba.

Na gwada ta a bakin masu mota, in ji ko za ta tauna:
"Ka yanki baƙuncin motar?"
"Baƙuncinta jibi zai ƙare, mu kama hanya gobe."
"An kama ta a Kazaure, ta wuce baƙunci."
"Je ka ofishinsu a ƙara maka kwanakin baƙunci tun bai cika ba."
Ba inda harshe ya yi tuntuɓe. Kuma kun ga da kanta ta gajarce, "takarda" ta faɗi, "baƙunci" ya tsaya shi kaɗai.

10/
Wani malamin Hausa ya tambaya me ya sa baƙunci ba baƙunta ba. Allah gafarta Malam, a kunnena baƙunta rashin sabo ce, ita ce ke hana yaro sakin jiki ya ci tuwo a gidan mutane. Baƙunci kuwa shi ake yi, shi ake karɓa: gari kaza ya karɓi baƙuncin taro. Tunda akwai mai karɓa da wanda aka karɓa, baƙunci ne. Idan kuna da hujjar da ta fi wannan, ina saurare.

11/
Riba ta biyu: kalmar tana haihuwa. Turawan nan da kan ratso Sahara da manyan motoci a da, su biyo ta Agadas su sauka Zinder kafin su nufi Kano, yawancinsu ba ƴar takarda ɗaya suke riƙewa ba, littafi ne mai bango ruwan ɗorawa, carnet de passages. Ƙungiyoyin masu motoci na ƙasarsu ke bayarwa bayan an ajiye jingina, yana aiki shekara guda, kuma tushensa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta 1954. Kowane shafi kashi uku ne: duwan ya yage ɗaya ranar shiga, ya yage na biyu ranar fita, na ukun ya zauna a littafin da hatimi biyu. Idan motar ba ta fito ba, daga jinginar nan ƙasar za ta karɓi harajinta. Wannan sai mu ce masa kundin baƙunci, kowa ya gane ɗan gidan su ɗaya ne da waccan.

12/
Masu haɗa ta da kart burin, ku raba. Kart burin asiransi ce, CEDEAO ta kafa ta a Kwatano a 1982, kuma aikinta biyan wanda ka buge ko ka lalata wa dukiya a wata ƙasa. Ba ta gyara taka motar, ba ta kuma hana duwan tambayarka baƙunci. Ita "asiransin ƙetare" ya ishe ta, ƴan Najeriya su ce "inshorar ƙetare". Kafin tafiya ka shiga wurin mai asiransinka ka ce masa Najeriya za ni, ya duba maka abin da ke hannunka.

13/
Baban Zango ya sake aiko da saƙo: "Ku yi ta rubutunku, a tasha lesefase za a ci gaba da cewa." Gaskiyarku ce, Baba, kuma ba zan bi direbobi ina gyara musu baki ba. Tsakanin wanda ya sani da wanda ya sani, lesefase ta isa. Inda nake so baƙunci ya shiga shi ne sanarwar rediyo, da allon da ake kafawa a bakin shinge, da saƙon da kake aika wa surukinka na Babban Mutum cewa ga abin da zai tanada kafin ya taho. Lokacin da aka sake buɗe iyakar nan a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mutane da yawa sun kama hanya da motocin gida, har da waɗanda ba su taɓa tsallakawa da kansu ba. Irinsu ne ke buƙatar sunan da ke bayyana kansa.

14/
Hajiya, kin tambaya idan motar ta maigida ce, ɗanki ne zai tuƙa ku zuwa Daura. Sunan da ke kan kartgiris shi za a fara dubawa, kuma idan mai sunan ba ya cikin motar za a so a ji da izinin wa ta fito. Maigidan ya rubuta takardar wakilci mai sunan yaron da lambar motar, ya sa hannu, a kai a buga mata hatimin hukuma tun a nan Zinder, a haɗa da kwafin katinsa. Yaron kuma ya riƙe farminsa na ainihi, kada ya dogara da hoton da ke cikin waya. In kun karɓi baƙuncin, ke ki riƙe shi a jakarki, kada a cusa shi bayan madubin rana inda iska za ta ɗauke shi da zarar an sauke gilashi.