Aikin gwiwar Hajiya: a yi ko a dakata?

Yaya Sani: Likita ya ce guringuntsin gwiwar Hajiya ta dama ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi, sai dai a sa mata ta ƙarfe. Ni dai na ce a yi. Duk wanda aka yi wa aikin nan, shi da ciwo sun rabu ke nan.

Anti Rabi: Sani, bar cewa duk. Maƙwabciyata har Indiya aka kai ta, aka zubar da kuɗi, yau shekara biyu a kujera take salla.

Maryam: Anti, kujerar ba ta nuna aikin ya ɓaci ba. Gwiwar da aka sauya yawanci lanƙwasuwarta kan tsaya wajen digiri 110 zuwa 120, zaman tahiya kuwa sai ta naɗe gaba ɗaya. Mu da ke gashin ƙashi kullum muna ganin haka. Amma Yaya, kai ma ka zarce: kusan mutum 1 cikin 5 ciwo bai barinsu sarai bayan aikin.

Yaya Sani: To sauran 4 ɗin fa? Hajiya ko banɗaki sai an riƙe ta.

Baba Ƙarami: Ni tsorona ƙarfen ya saki, a ce sai an sake yanka ta.

Maryam: Baba, wannan da sauƙi. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na gwiwoyin ƙarfen nan suna kaiwa shekara 25. Abin da ya fi tsaya min shi ne gwajin Denmark na 2015, na mutum 100. Waɗanda aka yi wa aikin sun fi samun sauƙi bayan shekara guda, amma su ne suka fi gamuwa da matsala mai tsanani, irin daskarewar jini a jijiya. Cikin waɗanda aka bari da motsa jiki, rage ƙiba da magani kuwa, kusan kashi uku cikin huɗu ba su nemi wuƙa ba a shekarar.

Yaya Sani: Ƙanwata, shekara uku muna wannan motsa jikin da allurai.

Maryam: Shi ya sa ban ce kada a yi ba. Sai dai a fara daidaita sukarinta, don ciwon suga na jawo wurin ya yi ruwa.

Anti Rabi: To in za ku Asibitin Ƙashi na Dala ranar Litinin, ku yi wa likita tambayar sujada a gabanta. Kada ta farka daga aiki sannan ta ji.