An kira ɗana a waya ana tambayarsa ko yana shan taba

Maman Sadiya, Nima:
Assalamu alaikum. Jiya ɗana da ke Niyok ya ce wata mata ta kira shi, wai daga ma'aikatar lafiya, tana tambayarsa ko yana shan taba, yana motsa jiki, yaushe rabon a gwada masa hawan jini. Hankalina ya tashi, don a bara haka aka kira ni, aka kwashe mini kuɗin MoMo. 'Yan damfara ne?

Malamin jinya, Mamobi:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Akwai irin wannan binciken da gaske. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fara shi a 1984 da jihohi 15, yanzu duk jihohi 50 na yi, ana hira da mutum fiye da 400,000 a shekara. Da waɗannan amsoshin ne jiha ke gane inda ciwon suga ya yi yawa, ta tura ma'aikata can. Mu nan sai mutum ya faɗi a kasuwa muke sanin jininsa ya hau.

Baba Tela, Aboabo:
Hajiya, ki gaya masa: in an nemi lambar banki ko kuɗi, ya kashe waya.

Maman Sadiya:
Ya ce ba su nema ba. Na gode, Allah ya saka. Gobe ni ma zan je a gwada ni.