Wai mene ne "fizzle out" da Hausa? Gobe zan miƙa aiki

Sabon Mai Fassara: Assalamu alaikum. An ba ni fassarar rahoto kan wata ƙungiyar manoma, shafi 12, na maƙale a inda aka ce gangaminsu ya yi "fizzle out". In sa "ya rushe" ko "ya shiririce"? Kuma in daure in sayi ƙamusun Turanci da Hausa, ko na waya ya isa?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Kada ka sa "rushe", ɗana, rushewa farat ɗaya ce. Kalmar tana nufin ƙarar nan "shuuu" ta itace mai ci idan aka yayyafa masa ruwa. Sai kuma abin da ya faro da zafi ya riƙa yin sanyi har ya mutu ba wanda ya lura. "Shiririce" ta fi.

Ɗan Fagge: Ƙamus kam saya. Na Roxana Ma Newman na 1990, dubu takwas na saye shi.

Maman Ilham: Dubu takwas a ina? Ni sha biyar aka ce min, na ajiye musu abinsu.

Baban Walida: Ku bar batun ƙamus. Bara na yi wa wata ƙungiya fassara, shafi 40, kwana tara ina kwana kan tabarma da fitilar waya saboda ba wuta. Na miƙa, suka ce wani "masani" ya duba ya ga kalma uku ba daidai ba. Kalma uku! Rabin kuɗina suka riƙe, kuɗin da na yi wa mai gidan haya alkawari da shi. Har yau in na kira sai a ce oga yana taro.

Mazaunin Ingila: Allah ya saka maka. Amma Malam, a nan an fi faɗinta kan soyayya ko zanga-zangar da ta lafa.

Malamin Turanci: Ai duk ma'ana ta biyun ce. Zama a Ingila ba shi ne karatu ba. A ƙarni na 16 ma'anarta sakin tusa a ɓoye, sai a ƙarni na 19 ɗaliban Amurka suka riƙa faɗinta ga wanda ya faɗi jarrabawa.

Ɗan Fagge: To shi ke nan, ka rubuta "tusa ba ta hura wuta"!

Mazaunin Ingila: Shekarata 11 a nan, Malam, kunnena ba ya ƙarya.

Maman Ilham: Baban Walida, nawa suka yi maka shafi? Ni dubu biyu ake ba ni.

Baban Walida: Ɗari takwas, Hajiya.

Maman Ilham: Innalillahi! Masu karɓar ɗari biyar su ne suka karya mana kasuwa wallahi.

Sabon Mai Fassara: Ni ma ɗari bakwai aka yi da ni, kuma ba a rubuce ba. In nemi rabi kafin in miƙa?