Neman kalma: me za mu kira “amp modelling” da Hausa?

Mai Koyar da Jita:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman kalmar da za ta tsaya a madadin “amp modelling”, wato dabarar da na'urar dijital ko manhajar kwamfuta ke bi ta fitar da sautin amfilifayar jita alhali amfilifayar ba ta wurin. Ina kuma neman sunan ita ta asalin, wadda Amurkawa ke ce wa “tube”, mutanen Ingila kuma “valve”. Wasu na cewa “ta jabu” da “ta gaske”. Wannan bai kwanta mini ba, domin jabu yaudara ce, su kuwa kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan na'urori, Line 6 da Fractal da Kemper, ba su ɓoye wa kowa abin da suke sayarwa ba.

Mai Gyaran Amfilifaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da ta biyun, ta fi sauƙi. Ni “ƙwai” na zaɓa: amfilifaya mai ƙwai. Duk wanda ya leƙa bayanta zai ga gilashin da aka zuƙe iskar cikinsa, da ɗan zare yana ja idan wuta ta shiga. Bawul kuwa makanikai sun riga sun riƙe shi a injin mota, a bar musu.

Amma kada sunan ya sa a zaci ƙwan kaɗai ne ke yin sautin. A gaba akwai ƙananan ƙwayaye, yawanci 12AX7, su ke ɗaga ɗan siginar jita, kuma idan aka matsa musu su ke fara kawo kaushin nan da masu kaɗawa ke so. A baya akwai manya: EL34 a yawancin amfilifayoyin Marshall, 6L6 a manyan Fender, EL84 a Vox AC30. Zaren da ke ɗumama su volt 6.3 yake ci, amma farantin cikin manyan yana ɗaukar volt 300 zuwa 500. Daga nan sai taransifomar fita, wadda ke sauko da turjiyar ƙwan daga dubban om zuwa om 4 ko 8 ko 16 na sifika. Idan kuma mai daidaita wutar shi ma ƙwai ne, irin su GZ34, da an daki igiya da ƙarfi sai wutar ta ɗan sauka sannan ta farfaɗo, sautin ya lotsa ya dawo. Duk waɗannan na'urar dijital ke son kamawa, don haka kalmar da za mu zaɓa ta rufe amfilifayar gaba ɗaya.

Gargaɗi ga masu koyo: kafasitocinta na riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga soket. Kuma ba a kaɗa ta ba sifika a jone, taransifomar fita ce za ta ƙone.

Injiniyar Sauti:
Baba, na yarda da ƙwai. A ɗayar kuma “kwaikwayo” nake gani, sai dai kalma ɗaya ba za ta isa ba, domin hanyoyi biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba zai sha wahala a gaban na'urarsa.

Hanya ta farko, injiniyoyi su ɗauki zanen amfilifayar, su auna kowane ƙwai da rizisto da kafasito da taransifoma, su mayar da aikin kowanne lissafi. Haka Axe-Fx na Fractal, wanda ya fito a 2006, da Helix na Line 6 na 2015 suke aiki. Tunda ginin ne aka kwaikwaya, idan ka murɗa tirebul, wato maɓallin saman sauti, sai ya taɓa tsakiya da bes, yadda yake faruwa a tsofaffin Fender da Marshall inda ukun ke jingine da juna.

Hanya ta biyu ba ruwanta da abin da ke ciki. A saita amfilifayar yadda ake so, a kafa makirfo irin Shure SM57 a gaban sifika, a jona fitar na'urar a bakin amfilifayar, makirfon kuma ya koma cikin na'urar. Sai ta aika da sautukan gwaji, wasu a hankali wasu da ƙarfi, ta kwatanta abin da ta aika da abin da ya dawo, ta gina wani abu mai amsawa haka. Kemper ta Jamus ce ta shahara da wannan tun 2011, daga baya Quad Cortex da TONEX da Neural Amp Modeler suka zo da ƙirƙirarriyar basira. Tamkar hoto ne: yana iya fitowa sak, amma na wannan tsayuwar ce kawai. Idan ka ɗauka da kaushi a mataki na 3, sannan ka murɗa zuwa 8 a na'urar, yawanci ƙiyasi take yi maka. Maganinsa a ɗauki saiti uku ko huɗu daban-daban.

Malamin Hausa:
Madalla. “Kwaikwayo” ya zauna. Na san wani zai ce yana kai hankali ga wasan kwaikwayo, amma da zarar an ce “kwaikwayon amfilifaya” ruɗani ya kau. “Kwafi” bai dace ba, shi kwafi abu ne a daskare, wannan kuwa yana amsa hannun mai kaɗawa nan take. “Koyi” kuma ya fi zama a kan mutum da ɗabi'unsa. Ita na'urar a ce mata makwaikwayiya, ko na'urar kwaikwayo ga wanda ta yi wa tsawo a baki.

Ga hanya ta farko ina ba da “kwaikwayon ƙira”. Ga ta biyu, me zai hana “ɗaukar murya”?

Injiniyar Sauti:
Ranka ya daɗe, kwaikwayon ƙira ya yi. Ɗaukar murya kuwa a situdiyo rikodin yake nufi, mai koyo zai zaci waƙa aka naɗa ake sake kunnawa. Abin da ake ɗauka shi ne yadda amfilifayar ke amsawa idan an taɓa igiya a hankali da kuma idan an dake ta. Wannan hali ne. A ce “ɗaukar hali”.

Malamin Hausa:
Na karɓa, 'yata, taki ta fi tawa.

Mai Kaɗa a Dandali:
Sannunku da aiki. Kalmar kwaikwayo ba za ta sa masu koyo su ɗauka komai daidai yake ba? A rikodin, cikin ganga da bes da murya, da wuya kunne ya raba su. A hannu da cikin ɗaki kuwa akwai bambanci, kuma jinkiri ake yawan ɗora wa laifin.

Injiniyar Sauti:
Yaya, jinkiri na da nasa laifin, amma ba shi ne babba ba. Na'urar da ke auna sigina sau 48,000 a daƙiƙa, idan tana tara awo 64 kafin ta sarrafa, milisakan 1.3 ke nan. A ƙara na shiga da fita, duka bai wuce 'yan milisakan ba. Sauti a iska mita 343 yake yi a daƙiƙa, wato kusan milisakan 3 a kowace mita. Wanda ya tsaya mita uku daga akwatin sifika yana jiran kusan milisakan 9 ko da mai ƙwai yake kaɗawa. Inda ake ɓatawa shi ne a kwamfuta, a bar tarin a 512: milisakan 10.7 a shiga, wani haka a fita, hannu ya riga kunne. A sauko da shi zuwa 64 ko 128.

Babban bambancin yana wajen sifika. Abin da makwaikwayiya ke fitarwa sautin akwati ne yadda makirfo ya ji shi daf da bakinsa. Mai tsaye kusa da akwati mai sifika huɗu masu inci 12 kuwa yana jin ɗakin duka, har a ƙirjinsa, igiyoyin jitar ma suna amsa iskar. Abubuwa biyu ne daban, kwatanta su zalunci ne ga kowanne. Mai son gwajin gaskiya ya kai akwatin wani ɗaki, ya saurari duka biyun ta sifikun situdiyo, da ƙarfin sauti ɗaya, domin kunne kan fifita wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne.

Akwai kuma aibin da dijital kaɗai ke da shi. Kaushi na haifar da ninke-ninken sauti. Sauti mai kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, ninkinsa na bakwai 35,000 ne. Na'urar ba ta iya riƙe abin da ya haura rabin awonta, wato 24,000, sai ya naɗo ya faɗo a 13,000, inda ba shi da dangantaka da asalin. Shi ne ɗan tsiwirwirin nan mara daɗi a saman igiyoyin ƙarshe. Na'urori masu kyau na ninka awon sau huɗu ko takwas kafin kaushin, su tace, sannan su sauko.

Mai Gyaran Amfilifaya:
In ƙara ɗaya. Mai ƙwai da sifikarta suna ja-in-ja: turjiyar sifika na hawa a ƙasa wajen kaɗawa 80 zuwa 100, da kuma can sama, ita kuwa mai ƙwai sai ta ƙara turawa a wuraren. Amfilifayar tiransisto ba ta yin haka sosai, don haka dole makwaikwayiya ta saka shi a lissafi. A ɗaya gefen, mai ƙwai na canzawa da tsufa, kuma idan an sauya manyan sai an daidaita wutar zamansu. EL34 wat 25 yake jurewa, ana saita shi wajen kashi 70 cikin ɗari. A volt 450 kusan miliyamfiya 39 ke nan. Ya yi yawa faranti ya yi jawur, ya yi kaɗan sauti ya bushe. Wanda zai ɗauki halin amfilifaya ya fara duba wannan, in ba haka ba ciwonta zai ɗauka.

Mai Koyar da Jita:
Allah ya saka da alheri. Na rubuta mai ƙwai, kwaikwayon amfilifaya, kwaikwayon ƙira da ɗaukar hali. Saura ɗan fayil ɗin akwatin sifika da ake ce wa “IR”.

Injiniyar Sauti:
Malam, “sawun akwati” nake ba da shawara. Gajeren fayil ne, awo 1,024 kusan milisakan 21, yana riƙe yadda akwati da makirfo ke tace sauti, ba ya riƙe kaushi. A koya wa ɗalibai lokacin kunna shi. Sifikar jita na zubar da yawancin abin da ya haura kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, shi ya sa kaushi ke daɗi a cikinta. Idan za a shiga mikisa ko hedifon, a kunna sawun, in ba haka ba sautin zai yi ta ƙaiƙayi a kunne. Idan kuwa za a shiga akwatin jita na gaske, a kashe shi, don kada a tace sau biyu sautin ya toshe. Jitar kuma a jona ta a ramin da aka ware wa kayan kiɗa, mai turjiyar om miliyan ɗaya. A ramin layi saman sautin zai tafi tun kafin kwaikwayon ya fara.