Ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da farin jinin shugaban ƙasa: abin da muka gani da idonmu

Malamin sakandare, Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na buɗe wannan zance ne saboda wani abu da ya faru da ni, wanda har yau bai bar zuciyata ba. Watanni kaɗan bayan jawabin 29 ga Mayun 2023, wanda Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, a lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, wata baiwar Allah ta kira ni da yamma ina tsaye a bakin titi ina jiran Adaidaita Sahu. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta ce daga wani kamfanin bincike take, kuma tana son jin ra'ayina game da yadda shugaban ƙasa yake gudanar da aikinsa. Ta karanto mini zaɓi biyar, tun daga "na gamsu ƙwarai" har zuwa "ban gamsu ba ko kaɗan". Kuɗin motata ya ninka, albashina yana nan inda yake, amma amsar da ta fito daga bakina ita ce ta tsakiya, wato ba yabo ba fallasa. Akwai mutane tsaye kusa da ni, ban san inda ta samo lambata ba, kuma ni ma'aikacin gwamnati ne.

Tun daga ranar, duk lokacin da na ji an ce kashi kaza cikin 100 na 'yan Najeriya sun gamsu da shugaba, sai in tuna cewa amsata tana cikin irin wannan lissafi, alhali ba ita ce gaskiyar abin da ke raina ba. Ina roƙon duk wanda aka taɓa tambaya, ko ya taɓa yin aikin tambayar, ya faɗa mana abin da ya gani da kansa.

Tsohuwar mai tattara bayanai, Dutse:

Wa alaikumus salam Malam. Na yi shekaru ina wannan aiki gida-gida a ƙauyukan Jigawa da Katsina, kuma abin da ya same ka shi ne abin da muka fi fama da shi. Ƙa'idar aikin tana da kyau a takarda. Ana ba mu sunan gari, a ce mu fara daga masallacin Juma'a ko makarantar firamare, mu riƙa ƙirga gidaje muna tsallake adadin da aka ƙayyade, sannan a cikin gidan da ƙirga ta faɗa a kansa a zaɓi mutum ɗaya ta hanyar ƙuri'a, wannan gida namiji, na gaba mace. Manufar ita ce kada mu zaɓi wanda ya yi mana daɗin magana.

Sai dai ba a shiga gari ba tare da an gaida dagaci ko mai unguwa ba, kuma saboda karamci sau da yawa yakan haɗa mu da wani yaronsa ya raka mu. Da zarar mutane sun gan mu da yaron dagaci, da katin shaida a wuya da kwamfutar hannu, to magana ta ƙare: gwamnati ce ta aiko mu. Wasu sukan ɗauka sunayen masu karɓar tallafi muke rubutawa, don haka su yabi shugaba saboda kada a cire su. Wasu kuma sukan tsananta kuka don a san suna cikin mabuƙata. Duk bayanin da za mu yi cewa ba mu raba komai, ba kowa yake yarda ba. Abin ya zama sananne a wannan sana'a har cibiyar Afrobarometer, mai binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, takan rufe hirarta da tambayar wanda ake hira da shi, wa yake zaton ya aiko masu binciken, kuma mutane da yawa gwamnati suke ambata.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ni a ganina ta fi ta tsoro girma. Da Turanci ake rubuta tambayar, sannan a fassara. Kalma ɗaya ta Turanci wani mai fassara zai ce "gamsuwa", wani "amincewa", wani "goyon baya", kuma a kunnen Bahaushe waɗannan ba abu ɗaya ba ne. Mutum yana iya amincewa da shugaba a matsayin mai gaskiya amma bai gamsu da aikinsa ba, kuma na ji irin wannan rarrabewa sau da yawa a zamanin Buhari. Ba zan manta da wani dattijo da na samu yana tufka igiya a zaurensa ba. Na karanto masa tambayar har sau uku, amsarsa ɗaya ce: "'Yata, Allah ne ya ba shi mulki, namu addu'a." A wane gurbi zan sa wannan? Na sa ta a "ban sani ba", alhali ya sani sarai, domin da muka zo kan farashin takin zamani ya yi magana mai tsawo cikin ɓacin rai.

Wannan ya koya mini cewa jerin tambayoyi ma yana sauya amsa. Idan aka fara da kuɗin kwanon masara da kuɗin magani kafin a zo kan shugaba, amsar takan yi zafi. Idan aka fara da shugaba, takan yi sanyi. Game da mata kuwa, kasancewata mace ya ba ni damar shiga har tsakar gida, inda abokan aikina maza ba sa wuce zaure. Amma sau da yawa maigida yakan ja kujera ya zauna kusa, matar kuma ta riƙa kallonsa kafin ta buɗe baki. Na kuma taɓa aiki da wani da ya zauna ƙarƙashin bishiya ya cike takardu goma shi kaɗai. Yanzu na'urorin suna nuna wurin da aka yi hira da tsawon lokacinta, wanda ya rage wannan ha'inci sosai. Abin da na'ura ba ta gyara ba shi ne garuruwan da ake cirewa daga jeri saboda rashin tsaro a musanya su da wasu, alhali mutanensu ne suka fi kowa abin faɗa game da gwamnati.

Malamin ƙididdiga a jami'a, Zariya:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da littattafanmu ba sa nunawa. Duk da haka ina so in kare aikin, domin ina koyar da shi kuma na yarda da shi. Ɗalibaina sukan tambaye ni yadda mutum 1,000 ko 2,000 za su wakilci ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200. Nakan tura su kasuwar Dawanau su kalli mai sayen hatsi. Ba ya zazzage buhu, ƙarfe yake sokawa a sama da tsakiya da ƙasa, ya duba abin da ya zubo a tafin hannunsa, kuma hakan ya ishe shi, muddin bai tsaya a bakin buhu kaɗai ba, inda mai algus yake zuba mai kyau. Idan aka zaɓi mutum 1,000 bisa ƙa'ida, tazarar kuskure takan kasance wajen kashi 3 sama ko ƙasa, idan kuma 2,400 ne ta sauko wajen kashi 2. Amma wannan tazara tana lissafa sa'ar zaɓo waɗanda za a tambaya ne kawai. Ba ta lissafa tsoron Malam a bakin titi, ko shirun dattijon Hajiya.

Yawan mutane ba ya gyara kuskuren zaɓo waɗanda za a tambaya. A 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta aika takardu kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Daga littafin lambobin waya da rajistar masu motoci ta samo yawancin sunayen, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma masu jin haushin Roosevelt sun fi ɗokin mayar da amsa. Wani mai binciken ra'ayin jama'a, George Gallup, da mutane ƙalilan idan aka kwatanta, ya hango nasarar Roosevelt.

A gida kuma, binciken da Afrobarometer ta yi a Disambar 2014 ya nuna Jonathan da Buhari kunnen doki, kowa da kashi 42. An ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris 2015, Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8. Wasu sun ce binciken ya kuskure. Ni ina ganin ya yi babban aiki, domin ya nuna cewa shugaba mai ci yana cikin haɗari a ƙasar da ba a taɓa kayar da shugaba mai ci a akwatin zaɓe ba, kuma tsakanin binciken da zaɓen akwai fiye da wata uku.

Ɗan'uwa mazaunin Michigan, Amurka:

Ina aiki a wani babban ɗakin ajiyar kaya a wajen Detroit lokacin zaɓen 2016. Kusan duk binciken da ake nunawa a talabijin ya ba Hillary Clinton jiharmu, amma a ɗakin cin abincinmu abokan aikina Turawa da ba su yi jami'a ba Trump suke so, kuma da yawansu sun ce mini ba sa ɗaga waya idan ba su san lamba ba, domin ba su yarda da 'yan jarida da masu bincike ba. Trump ya ci Michigan da ratar da ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba. Daga baya masana suka gano cewa da yawa daga binciken jihohi ba su daidaita lissafinsu da matakin ilimi ba, sai masu digiri, waɗanda suka fi amsa waya, suka yi yawa a ciki. Binciken ƙasa baki ɗaya bai yi nisa da gaskiya ba, domin Clinton ta fi Trump yawan ƙuri'u da kusan miliyan 3.

Abu na biyu da zama a nan ya nuna mini shi ne farin jini yana da saurin gushewa. Kamfanin Gallup ya auna George Bush uba a kashi 89 bayan yaƙin Tekun Fasha a 1991, amma a 1992 Bill Clinton ya kayar da shi saboda tattalin arziki. Ɗansa ya kai kashi 90 bayan harin 11 ga Satumban 2001, ya bar mulki da wajen kashi ɗaya bisa uku. Alƙaluman ba ƙarya suka yi ba, yanayin wancan mako suka auna.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari:

Ni abin da na sani shi ne na 2023, domin na yi wa wani ɗan takara hidima a mazaɓarmu. Ranar da aka fitar da binciken da gidauniyar ANAP ta sa kamfanin bincike na NOIPolls ya yi a Satumbar 2022, wanda ya sa Peter Obi a gaba da kashi 21, Tinubu da Atiku kowa 13, an yi ta gardama a layinmu har la'asar. Kowa yana kallon wanda ke sama, babu wanda ya kula cewa kusan rabin waɗanda aka tambaya sun ce ba su yanke shawara ba, ko sun ƙi faɗa. Ranar 25 ga Fabrairu Tinubu ya samu wajen miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso wajen miliyan 1.5. Cikin masu rajista sama da miliyan 93, wajen kashi 27 ne kawai suka fita, a tsakiyar ƙarancin takardun naira. A rumfarmu na ga mutanen da suka fi kowa zafin magana a kasuwa ba su zo ba, matan unguwa kuwa da ba a taɓa jin ra'ayinsu ba sun cika layi tun da safe.

Ƙuri'ar Facebook da ta kiran waya a rediyo kuwa kada a haɗa su da wannan zance. Da idona na ga an tara matasa a shago ɗaya, an saya musu data, kowa da waya biyu ko uku, ana danna wa maigida.

Uwargida, Gombe:

An taɓa kirana sau ɗaya. Da na ji ana tambayar shekaruna da ƙaramar hukumata sai na kashe, domin a watan ne 'yan damfara suka kwashe kuɗin maƙwabciyata ta irin wannan kira. A gidanmu mu mata huɗu ne manya, biyu ne masu waya, ta surukata kuma kullum tana hannun jikokinta.

Malamin sakandare, Kano:

Na gode muku ƙwarai, musamman Hajiya ta Dutse da Malam na Zariya. Bayan na karanta bayananku sai na ga ya dace in ƙara da abin da ban faɗa da farko ba. An sake kirana bayan wajen shekara guda, wannan karo wani saurayi ne. Na ce masa ina kan hanya, ya kira ni bayan sallar isha'i, kuma ya cika alkawari. Kafin ya fara na tambaye shi wanda ya ɗauki nauyin binciken da yadda suka samu lambata, ya amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ya ce kwamfuta ce take haɗa lambobi ba tare da sanin masu su ba. Na ba shi amsar da ke raina, har na roƙe shi ya maimaita tambaya ɗaya da ban fahimci Hausarta ba. Hirar ta ɗauki minti goma sha ɗaya. Maiɗakina tana zaune kusa tana tsince shinkafa, kuma a tambayoyi biyu ra'ayinta ya saɓa da nawa. Da na ajiye wayar ta ce ita ce take zuwa cefane, ita ta san farashin komai, amma tunda ta mallaki waya ba a taɓa kiranta an tambaye ta ba.