Me za mu kira "gene" da Hausa?

Jama'a, ku zo mu tsayar da magana kan kalmar nan. "Ƙwayar halitta" tana aikin mutum uku a rubuce-rubucenmu: ita ce ƙaramin tubalin da jiki ya ginu da shi, ita ce DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ita ce kuma gene. Ɗalibi ya karanta shafi guda ya kasa gane wanne ke cikin wanne.

Alhali ba abu ɗaya ba ne. Ƙaramin tubalin nan na jikin mutum yana ɗauke da kuromozom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane kuromozom dogon zaren DNA ne a naɗe. Gene kuwa wani yanki ne na zaren, mai ɗauke da umarnin wani aiki, galibi haɗa furotin. Masu haɗa furotin a jikin mutum kimanin 20,000 ne.

Aro ba zai yiwu ba. In ka Hausantar da ita za ta koma "jin", sai ka rubuta "jin uwa" mai karatu ya zaci biyayya kake nufi.

Da yawa suna cewa "ƙwayar gado". Ta fi ta farko nesa ba kusa ba, don ta kama maganar gado. Amma ƙwaya ta riga ta sha lodi: ta cuta, ta magani, ta ido. Kuma tana sa mutum ya zana wani ɗan dunƙule mai yawo shi kaɗai a cikin jini, wanda ba haka abin yake ba. Wilhelm Johannsen, masanin tsirrai ɗan Denmak, ya ƙirƙiri kalmar "gene" a 1909 kafin a san siffar abin. Sai 1953 aka bayyana yadda zaren DNA yake. Mu da muka zo bayan an gani, me zai hana sunanmu ya nuna siffar?

Shawarata: gaɓar gado, jam'i gaɓoɓin gado. Kamar gaɓar rake, yanki ne mai farko da ƙarshe a jikin abu mai tsawo.

Ku gwada ta a jimla. "Gaɓar gadon da ke jawo sikila tana kan kuromozom na 11. Kowa yana da biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In iyaye duka AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS." Ta zauna daram.

Na san za a ce gaɓa ai hannu da ƙafa ne. Haka ne, amma muna cewa gaɓar kalma a darasin nahawu ba wanda ya ruɗe. Mai tsoron a karanta gado na kwanciya kuma, jimla ce za ta raba gardama.

Su A da S ɗin da ke cikin AS da SS sai mu ce nau'o'in gaɓa ɗaya ne. Kuromozom kam a bar shi yadda yake, bai yi karo da wata kalma tamu ba.